In Tururuwa Ta Yi Fiffike

Na san da yawanku kun buɗo shafin nan ne kuna jiran ci gaban maganar lefe da muka faro a fitowar da ta wuce, to ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, in ban amayar da ita ba ba na jin zan iya rubuta wani abu. Maganar tururuwa ce. E, tururuwar dai da kuka sani, wadda muke takewa a tsakar gida ko waiwaye ba ma yi. Kar ku yi dariya tukuna, ku bari ku ji.

Wata biyu ke nan da suka wuce, a farkon damina, ƙanwata mai bi mini ta samu gurbin karatu a makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa da mu, tafiyar yini guda a mota. Ranar da takardar ta iso gidanmu ya kaure da murna, Inna har da 'yar ƙwallarta. Baba kuwa bai ce e ba bai ce a'a ba, ya dai ce a bari ya yi shawara da 'yan uwansa. Da la'asar sai ga Goggo, yayar Baba, wadda in ta yi magana a gidan nan to ta zauna. Ta karɓi takardar ta jujjuya ta, ta ajiye a kan tabarma, ta dubi ƙanwata sama da ƙasa, sannan ta ce, "Uhm. In tururuwa ta tashi lalacewa, fiffike take yi." Daga haka ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ƙanwata ta tashi sum-sum ta shige ɗaki, daren nan ko tuwo ba ta taɓa ba.

Wallahi ni maganar ta fi yi wa ciwo, domin ba yau na fara jin ta ba. Ranar da littafina na farko ya shiga kasuwa da ita aka tarbe ni a gidan biki, kuma har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

To a daren nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari da magariba, ana kawo wuta, sai ga ƙwari masu fiffike sun yi wa ƙwan lantarkin tsakar gidanmu dafifi, yara na ta tsalle suna tara kwanon ruwa. Da safe na fito shara na tarar da fukafukai birjik a ƙasa kamar an sheƙe ƙaiƙayi. Ina cikin sharar sai idona ya faɗa kan wata ƙatuwar tururuwa baƙa a gindin randa, ta tsaya tana ta murɗa jiki tana sa ƙafafunta tana goge bayanta. Na tsuguna ina kallo. Ashe fukafukanta take ƙoƙarin ɓallewa! Ta ɓalle su ɗaya bayan ɗaya har huɗu, ta bar su nan a yashe, ta yi 'yan kewaye-kewaye, sannan ta samu inda ƙasa ke da laushi a jikin bango ta hau tono.

Na ƙwala wa Yaya kira, shi da yake ilimin halittu ya karanta kuma shi yake koyarwa. Ya zo ya leƙa, ya yi murmushi ya ce, "Ke, bar ta. Ai amarya ce, jiya aka ɗaura."

Na ce, "Yaya, wace irin amarya kuma?"

Ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan ki ɗauko mini kujera."

Abin da na ji a bakinsa a safiyar nan, da wanda na bi na karanta daga baya a littattafan da ya ara mini, shi na ce bari in kawo muku.

Da farko dai in na ce tururuwa, dangin nake nufi gaba ɗaya: mai jan hatsi da muka fi kira da wannan suna, da kiyashi ɓarawon sukari, da cinnaka da bai san na gida ba, da gwano, da kwarkwasa. Masana sun ba jinsi sama da 14,000 suna, kuma wani lissafi da aka fitar a 2022 ya nuna da za a raba wa mutanen duniya tururuwar da ke doron ƙasa, kowane mutum zai tashi da wajen miliyan 2 da rabi. Halittar da aka sa wa sura guda sunanta a Alƙur'ani mai girma ai ba ta raini ba ce.

Amma abin da ya fara sa ni riƙe baki shi ne wannan: duk tururuwar da kika taɓa gani tana jan hatsi, ko tana tono, ko ta gantsara miki cizo, mace ce. Kaf ɗinsu! Masu aiki mata, masu gadin ƙofa mata, har manyan nan masu ƙaton kai da ake ce wa sojoji, mata ne. Kuma a yawancin gidaje uwarsu ɗaya, 'yan ciki ɗaya ne. Su ba sa aure, ba su da fiffike, rayuwarsu duka a renon ƙannensu take ƙarewa.

Kina tambaya ina mazan? Ni ma na tambaya. Namijin tururuwa ba kullum ake haifarsa ba, sai gida ya girma ya bunƙasa, lokacin biki ya gabato. Wani abin mamaki, daga ƙwan da bai haɗu da ruwan namiji ba yake fitowa, wato uwa gare shi amma ba shi da uba. Ba ya tono, ba ya nemo abinci, ba ya reno, ko gadi ba ya yi, yana kwance 'yan uwansa mata na ba shi a baki. Da Yaya ya zo nan sai da na ce masa ashe samarin bakin layinmu masu zaman benci suna da dangi a ƙarƙashin ƙasa. Ya harare ni.

Tare da mazan nan ake renon wasu 'yan mata na musamman, waɗanda aka fi ciyar da su tun suna tsutsa, suka fi sauran girma, kuma su ne ke fitowa da fiffike. Su ne amare. Sukan zauna a gida suna jira har ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi. Rana ɗaya, gidajen jinsi ɗaya da ke unguwa duk su buɗe ƙofa kusan lokaci guda, amare da angwaye su yi sama, ta haka 'yar wannan gida ke haɗuwa da ɗan wancan gida. Wannan tashin shi ne na farko kuma shi ne na ƙarshe. Angon, Allah sarki, ko kwanan amarci ba ya cikawa, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Ita kuwa abin da ta samu daga gare shi a wannan rana sai ta adana a wata 'yar jaka a cikinta, da shi za ta yi ta haihuwa har ƙarshen ranta, ba ta sake aure.

Masu son labarin soyayya, na san ranku bai so haka ba. To ku leƙa gidan gara. Gara ba tururuwa ba ce, duk da kamar da suke yi, ita dangin kyankyaso ce. Shingen nan da muke kamawa mu soya su ne amare da angwayenta, kuma in kin lura bayan sun zubar da fukafukai za ki gan su bibbiyu, mace a gaba namiji na biye da ita kamar jela. Tare suke tona ɗaki, tare suke zama shekara da shekaru a cikin suri, sarki da sarauniya. In ana neman miji mai zama, a gidan gara yake. Amma mu koma wa amaryarmu ta gindin randa.

Ta sauka ita kaɗai, ba uwa ba 'yar rakiya, ba ƙawaye, ba wanda ya yi mata jere. Ta ɓalle fiffike ta tona ɗan ɗaki wanda bai fi ya ɗauke ta ba, ta toshe ƙofa ta ciki. Daga nan a jinsuna da yawa ba ta ƙara fitowa, ba ta kuma cin komai na tsawon makonni. Ta zuba ƙwai kaɗan, ta yi ta lasarsu tana juya su kar su yi funfuna. In sun ƙyanƙyashe sun zama tsutsa, da me za ta ciyar da su alhali ba ta da ko ƙwayar gero? Nan ne, 'yan uwa, na ji tsigar jikina ta tashi. Tsokar nan ta ƙirjinta wadda ke kaɗa fukafukai, tun da ba za ta sake tashi ba, ita ce ke narkewa a cikin jikinta tare da kitsen da ta taho da shi daga gidan uwarta, su zama abincin da take ba 'ya'yan. Fiffiken da aka ce alamar lalacewa ce, ƙarfinsa ne ke zama nonon 'ya'yan fari.

'Ya'yan farin nan ƙanana suke fitowa, 'yan firit, saboda a cikin rashi aka rene su. Su ne za su fasa ƙofa su fita su nemo wa uwar abincinta na farko tun ranar biki. Daga nan aiki ya koma hannunsu, ita kuwa sai haihuwa. Kuma tana daɗewa. Wani masanin ƙwari Bajamushe, Hermann Appel, ya ajiye wata uwar tururuwa ta rayu a hannunsa kusan shekara 29. Ku duba fa, ta girme ni!

Ana ce mata sarauniya, amma ni na ga sunan uwa ya fi dacewa da ita, domin ba ta ba kowa umarni. Wata farfesa a Amurka, Deborah Gordon, ta shafe shekaru tun daga wajen 1985 tana bin gidajen tururuwa masu jan hatsi a hamadar Arizona, ta nuna cewa ba mai raba musu aiki. Masu fita neman abinci sukan taru a zaure, in 'yan uwansu na shigowa da hatsi akai-akai suna gogar juna da 'yan ƙahonnin nan biyu na goshi, sai su san akwai samu a waje su fita. In shigowar ta yi ƙaranci sai su yi zamansu. Shi ke nan, ba shugaba ba mai shela. Da ƙamshi suke magana. Layin nan da kike gani na kiyashi daga bango zuwa gwangwanin sukari, wani ƙamshi ne ta farko ta shafa a ƙasa sauran ke bi. Ki sa yatsa ki goge tsakiyar layin ki ga yadda za su rikice su yi cirko-cirko.

Gidan kansa ba rami ɗaya ba ne kamar yadda muke zato. Wani masani a Florida ta Amurka, Walter Tschinkel, yakan narka alminiyon irin na ƙera tukwane ya tsiyaya a ramin, in ya daskare ya tono shi, sai ga siffar gidan ta fito: hanya ta murɗa ta yi ƙasa, ɗakuna masu faɗi jere a jikinta hawa-hawa, wani gidan zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa. Akwai rumbu, akwai ɗakin reno, akwai juji a waje. In sama ta yi zafi su kwashe jarirai su yi ƙasa da su, in ƙasa ta yi sanyi su hauro da su. In ruwa ya jiƙa hatsi su fito da shi su shanya. Kuma aikin da shekaru yake tafiya: ƙanana suna ciki wajen uwa da jarirai, sai wadda ta manyanta ake bari ta fita waje inda haɗari yake. Wadda ta fita ta samo abu mai ruwa ba ta shanye shi ita kaɗai, tana da wani ciki na biyu kamar salka, ta cika shi ta kawo gida ta ɗura wa 'yan uwa baki da baki.

Kar dai in cika su da yabo. Suna yaƙi da maƙwabta ba sani ba sabo, wasu jinsunan har satar 'ya'yan wasu suke yi su mai da su bayi. Kuma duk kirarin ƙwazon nan, wani bincike da aka yi a jami'ar Arizona ya tarar a wani jinsi kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikatan zaman kashe wando suke yi, sai in an rasa masu aiki sannan su motsa. Kowane gida dai da irin nasa.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya, saboda ƙanwata da karatun da take so, shi ne na masu jinya. Akwai wasu manyan baƙaƙe a nan Afirka masu kama da gwanonmu, waɗanda ke fita a jere su kai wa gara hari, Turawa na ce musu Matabele. Gara ma ba kanwar lasa ba ce, takan guntule wa wasu ƙafa. Wani Bajamushe mai suna Erik Frank ya bi su a dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, ya bayyana a 2017 cewa wadda aka raunata takan fitar da wani ƙamshi na neman agaji, 'yan uwanta su ɗauke ta cak su kai ta gida. A 2018 ya ƙara da cewa a gida sukan zauna su yi ta lasar raunin, kuma cikin waɗanda aka hana wa wannan jinya kashi 80 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka yi wa kuwa kashi 10 kacal. A 2023 aka gano har magani suke shafawa, wanda suke tatsowa daga jikinsu yana kashe ƙwayoyin cuta. Wadda kuwa rauninta ya wuce gyara, ta rasa ƙafa biyar cikin shida, ba ta ma yarda a ɗauke ta, sai ta yi ta fisge-fisge har su haƙura su bar ta. Da na karanta wa ƙanwata wannan sai ta yi dariyar da rabon da ta yi tun ranar takarda, ta ce, "Anti, ashe su sun riga ni samun gurbi."

To da na ji cikina ya cika da hujja, sai na yafa mayafi na nufi gidan Goggo. Na gaishe ta, na yi 'yan kame-kame, sannan na kwashe labarin nan kaf na faɗa mata, ina ji da kaina kamar lauya. Na rufe da cewa, "Kin ga ke nan Goggo, fiffiken tururuwa ba na lalacewa ba ne, na kafa gida ne."

Goggo tana tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na ji. To 'yar boko, cikin waɗanda suka tashi daren nan, nawa ne suka kafa gidan?"

Na yi shiru. Domin amsar tana cikin littattafan, na karanta ta, na dai tsallake ta ne da gangan. Mafi yawansu ba sa kai labari. Jemage ya ci a sama, kwaɗo ya ci a ƙasa, gari ya waye kaji da ƙadangaru su tsince saura, wadda ta samu ta tona ɗaki ma wasu tururuwan su fasa su kashe ta, ko ƙasa ta bushe da ita a ciki. Sau da yawa cikin ɗari da ƙyar ɗaya ke tsira. Masu karin magana ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ya gani da safe suka faɗa.

Ta ce, "Ke a takarda kika san tururuwa, ni na ci daga rumbunta." Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A farin 1973 tana yarinya a ƙauye, ita da kakarmu sukan fita da sassafe da fartanya da ƙwarya su nemi gidan tururuwa su tona, tana cizonsu suna kwasar ɗan abin da ta tara na gero da 'ya'yan ciyawa, su sheƙe su dama wa yara, Baba yana cikinsu. Irin wannan tonon ma an sake ba da labarinsa a Nijar a yunwar 2005. Ta ce bayan nan da shekara biyu aka kai ta aure wani gari inda ba ta san kowa ba, ta yi shekara uku ba ta ga wani nata ba, ta haifi ɗan fari ta binne shi ba wanda ya zo mata gaisuwa don labari bai kai gida ba. Ta ce, "Ni na san abin da ake nufi da yarinya ita kaɗai a garin mutane. Ba baƙin ciki nake yi mata ba."

Ni da na zo da shirin musu sai ga ni ina share hawaye da bakin mayafi. Na rasa abin faɗa, sai kawai na ba ta labarin da ya rage mini, na wasu tururuwa na Kudancin Amurka masu yankan ganye. Su manoma ne, ganyen da suke yanka ba ci suke yi ba, taki suke yi da shi su shuka wani abu mai kama da naman kaza a ƙarƙashin ƙasa, shi ne abincin gidan. Amaryarsu ba ta tashi hannu rabbana. Kafin ta fita sai ta gutsuri ɗan irin nan daga gonar uwarta ta ɓoye a wani ɗan aljihu a cikin bakinta, in ta sauka ta tona ɗaki ta tofar da shi ta fara tata gonar. Na ce, "Goggo, kin ji masu yi wa 'yarsu gara."

Ta ce, "Uhm." Ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Ban san me ya gudana tsakaninta da Baba ba, ba a kuma kira ni ba. Na dai san an yi ta aike-aike har aka gano wata jikar ƙanwar kakarmu tana aure a garin, mijinta malamin makaranta ne, aka yi magana da su suka ce ƙanwata ta riƙa zuwa musu duk ƙarshen mako, in ba ta zo ba su za su bi sawu. Bayan nan da kwana uku Baba ya kira Inna ya ce a fara haɗa mata kaya.

Ranar Asabar ɗin nan za ta tafi. Shekaranjiya Goggo ta aiko jikanta da ƙullin kaya a tsohon zane: daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji a kwalba, da wata 'yar tukunya baƙa wadda Inna ta ce tun ta aurenta ce. Ba saƙo ba komai, yaron ya ce an ce dai a sa a ƙasan akwati kar kwalbar ta fashe. Ƙanwata ta zauna ta rungume tukunyar nan ta yi kuka mai isarta.

Ita kuwa amaryar gindin randa, tun ranar na kifa wani fasasshen kasko a wurin saboda kaji, na kuma gargaɗi yaran gidan kar wanda ya watsa ruwan wanke-wanke a nan. Kullum da safe sai na ɗaga na leƙa, shiru, har Inna ta fara cewa ko in kai ki a duba ki ne. Yau da safe na ga wata 'yar ƙofa kamar hudar allura, da 'yan ƙanana guda uku suna fito da ƙasa ƙwaya-ƙwaya. Na barbaɗa musu ɗan tsakin gero na mai da kaskon.

Maganar lefe kuma in Allah ya kai mu fitowa ta gaba za mu ɗora daga inda muka tsaya, wasiƙunku duk suna nan a ajiye. Ku taya ni yi wa ƙanwata addu'ar sauka lafiya.

Taku har kullum.